Akwatin Hotunan Marigayi: Da Me Za a Rubuta a Bayansu, Kuma Me Za a Rubuta?

## Asalin lamarin

Malamar da wannan nazari ya shafa ta koyar a firamare a birnin Kano shekara 35 kafin ta yi ritaya. Mahaifinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya zauna Zariya da Kaura Namoda da Nguru kafin ya dawo gida. Ya rasu a farkon 2022. Da aka zo rabon gado an raba gida da gona da sutura, har butar alwala sai da ta sami mai ita, amma akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado da babu wanda ya ce uffan a kansa. Hotuna ne a ciki. Wani ƙanenta ya ce a ƙone kawai, mamaci addu'a yake bukata ba hoto ba. Ba ta ja da shi ba, ta dai sa yaro ya ɗauki akwatin ya kai mata gida.

Ni maƙwabciyarta ce, kuma mun taɓa aiki a makaranta ɗaya. Yawancin abin da zan kawo a gabana aka yi shi, sauran kuma daga littafin da take rubuta ayyukanta na ɗauko, domin mace ce mai son lissafi, ko cefane ta yi sai ta rubuta.

Burinta a farko bai wuce ɗaya ba: ta rubuta sunan kowa a bayan hotonsa, don jikoki su san wane ne wane.

## Satumba 2022: buɗe akwati

Akwatin ya yi wata bakwai a ɗakin ajiya ba a taɓa shi ba. Ruwan daminar 2022 ne ya tilasta a buɗe, rufin ɗakin ya yi yoyo, gindin akwatin ya yi tsatsa. Ruwa bai kai ga hotunan ba, amma sun sha laima, suna warin fumfuna. Ta shimfiɗa tabarma a falo ta baje su kwana biyu a inuwa, sannan ta ƙirga: 437.

Mafi tsufa baƙi da fari ne, masu girman katin gaisuwa, wajen santimita 9 da 14, wasu da baki kamar haƙoran zarto. Akwai tarin fasfo. Akwai kuma masu kala na bukukuwa da sunaye da Sallah, waɗanda da yawansu sun koma ja-ja. Wasu an ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, robar ta narke ta manne a jikinsu. Wasu na cikin ambulan mai ruwan ƙasa.

Hotuna 58 ne kawai suke da wani rubutu a baya. A ciki 14 da ajami ne, rubutun marigayin da hannunsa. Sauran ko hatimin ɗakin ɗaukar hoto ne da tawada mai ruwan goro-goro ko shuɗiya, ko 'yar kalma ɗaya: "Baba", "Nguru", "ranar suna". Sunan wa? Babu bayani.

## Oktoba 2022: biro

Abin da ke kusa da hannu ta ɗauka, biro mai shuɗiyar tawada. Ta zauna a kan kujerar falo, ta ɗora matashi a cinya, tana ɗaukar hoto tana juyawa tana rubutawa, tana kifa wanda ta gama a kan na baya. Dare biyu ta yi guda 64.

Kwana uku bayan nan ta kira ni. Matsala iri biyu ce ta bayyana, kuma kowace ta zaɓi irin hoton da ta kama.

A tsofaffin baƙi da fari tawadar ta zauna lafiya, amma idan aka karkata fuskar hoton ga hasken taga sai a ga rubutun ya fito tudu-tudu a birkice. Bakin biro ƙwallon ƙarfe ne ƙarami, ba ya sakin tawada sai an danna, ga shi kuma a kan matashi mai laushi take rubutun, babu abin da zai tare takardar daga ƙasa. A wani hoton marigayin sanye da kakin aiki, wutsiyar harafin "y" ta ratsa kumatunsa. Mun ƙirga 23 da suka yi haka.

A masu kala kuwa takardar ba ta lotsa sosai ba, amma tawadar ce ba ta bushe ba. Ta tsaya a sama, da aka kifa wani hoton a kai sai ta koma fuskarsa. Hotuna 11 suka kwashi shuɗin rubutu a goshi da riga. Ta gwada goge ɗaya da auduga da sifirit, tawadar ta bazu, fuskar amarya ta koma kamar an shafa mata shuni. Daga nan ta bari. Fuskar hoto ba takarda ce zalla ba, akwai wani siririn shafi na jelatin a kanta, irin gam ɗin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a cikinsa hoton yake zaune. Jelatin yana shan rini kamar yadda farin yadi ke sha, in ya sha kuma fitarwa aikin ƙwararru ne.

## Nuwamba 2022: maka da takardun liƙawa

Tun da dannawa ce ta jawo ɓarna, sai ta nemi abin da ba a dannawa. Jikanta ya kawo mata maka baƙa mai siririn baki. Ta yi guda 19. A fasfo bakwai masu siririyar takarda tawadar ta huda ta fito ta fuska. A masu kala ba ta huda ba, amma rubutun ya yi kauri, suna ɗaya ya cinye rabin bayan hoto, kuma ba ya goguwa.

Sai ta koma ga ƙananan takardun nan masu gam a baya da ake liƙa wa fayil a ofis. Ta rubuta a kansu tukuna sannan ta manna, guda 31. Wannan ya fi kyan gani, kuma da ba don akwatin da kansa ya ba da shaida ba da ta ci gaba. A ƙasan akwatin mun tarar da hotuna huɗu da marigayin ya taɓa liƙa wa 'yar takarda da salatif shekaru da dama da suka wuce. Salatif ɗin ya bushe ya ɓare, takardun sun zube a gindin akwati ba a san wacce ta wane hoto ba ce, gam ɗin kuma ya bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa har fuska. Ta kalli wannan, ta kalli nata 31, ta ajiye sauran takardun a aljihun tebur.

## Disamba 2022: fensir na 'yan makaranta

Fensir HB ne, irin wanda yara ke shiga jarrabawa da shi. Wannan karon a kan tebur ta yi. A bayan tsofaffin hotuna ya kama, sai dai rubutun ya yi haske, tana ƙara dannawa don ya fito, ga shi ta fere bakin ya yi tsini. A masu kala kuwa ya ƙi sam, zamewa kawai yake yi kamar ana rubutu a kan leda.

Hunturu ya shigo a lokacin, ya kawo tasa. Iskar Kano a Disamba da Janairu busasshiya ce ƙwarai, jelatin ɗin fuska yana tsukewa fiye da takardar da ke bayansa, sai tsofaffin hotuna suka nannaɗe kamar ganyen da ya sha rana. Da ta danna ɗaya da tafin hannu don ya miƙe ta yi rubutu, sai ta ji ƙas. Fuskar ta tsage daga kusurwa zuwa tsakiya. Ya sake faruwa a na biyu. Guda 40 ta yi da HB kafin ta tsaya.

Zuwa ƙarshen shekara ta taɓa hotuna 154 da hanya huɗu daban-daban, babu wadda ta gamsar da ita.

## Janairu 2023: dakatawa da gwaji

A nan aka bar rubutu aka koma neman dalili. Wata 'yar ɗan'uwanta da ta karanta aikin laburare ce ta fara nuna mata cewa hotunan ba takarda ɗaya ba ce, iri biyu ce.

Ta farko takarda ce zalla, in ka shafa bayanta za ka ji ta kamar bangon littafi, tana shan ruwa, tana naɗewa da hunturu. Kusan duk hoton da aka wanke kafin shekarun 1970 irinta ne. Ta biyu an lulluɓe ta gaba da baya da siririyar roba, foliyetilin, irin wadda ake yin leda da ita. Kamfanin Kodak ya fara fitar da irinta don hoto mai kala a 1968, masu wankin hoto kuma suka rungume ta saboda ba ta shan ruwan magani, tana wankuwa ta bushe cikin mintuna. Bayanta santsi ne da ɗan sheƙi, sau da yawa da sunan kamfani a jere a karkace, Kodak ko Agfa ko Fuji. Wannan robar ce ta hana tawadar biro bushewa, ita ce kuma ta hana fensir kamawa. Ba kala ce ke raba su ba, domin mun sami baƙi da fari na baya-bayan nan masu robar. Yatsa ne ke rabawa.

Aka ware su: 181 takarda zalla, 256 masu roba.

Sai batun fensir. Bakin fensir haɗin girafayit ne da yumɓu. In yumɓu ya yi yawa sai ya yi tauri, su ne masu harafin H. In girafayit ya fi yawa sai ya yi laushi da baƙi, su ne masu B. HB na tsakiya ne. Masu adana hotuna a manyan ma'adanai mai laushi suke amfani da shi, daga 2B zuwa 6B, domin yana barin baƙi ba tare da an danna ba, ba ya ɗauke da rini ko mai da zai ratsa takarda, ba ya kodewa da rana, kuma yana goguwa. Ana samunsa a shagunan kayan zane.

Don masu roba aka samo abu biyu. Ɗaya alƙalami ne mai siririn baki wanda tawadarsa garin launi ce ba rini ba, irin su Pigma Micron. Ɗaya kuma fensir ne da aka yi don rubutu a kan gilashi da roba da ƙarfe, Stabilo All mai lamba 8008. Wannan na biyun sai da aka yi sautu.

A cikin akwatin akwai hotuna da aka wanke biyu-biyu, ta zaɓi 12 daga cikin masu maimai, shida daga kowane iri, ta mai da su abin gwaji. A bayan kowanne ta ja layi da kowane abin rubutu, ta murza da babban yatsa bayan minti 1, bayan minti 10, da bayan kwana 1. Sannan ta jera su fuska da baya, ta ɗora musu ƙamus biyu na mako guda. Rabinsu ta ajiye a bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi da danshi, don ta kwaikwayi damina a tsakiyar hunturu. Wannan dabarar tata ce, ba wanda ya koya mata.

Abin da ta rubuta a littafinta ke nan. A takarda zalla 2B da 4B duka sun kama ba tare da tudu a fuska ba. 6B ya fi baƙi amma yana barin ɗan toka a fuskar hoton da ke ƙarƙashinsa. A masu roba alƙalamin ya damalmale a minti 1, ya ɗan ja wutsiya a minti 10, ya zauna daram bayan kwana 1. Fensirin gilashi ya kama nan take, bai koma kan wani hoton ba sai inda ta yi rubutun da kauri, amma jiƙaƙƙen yatsa yana share shi tas, wanda dama haka aka yi shi.

Akwai gwajin da masana ke yi wa takarda da gam da tawada kafin a ce ba za su cutar da hoto ba, ana kiransa PAT, cibiyar Image Permanence Institute da ke Rochester a Amurka ce ta ƙirƙiro shi, yanzu kuma ma'auni ne na duniya mai lamba ISO 18916. Gwajin bayan randa bai kai wannan ba ko kusa, mako ɗaya ba ya nuna abin da shekara 30 za ta yi. Ya dai isa ya nuna abin da zai ɓata hoto kafin Juma'a ta zagayo.

## Fabrairu zuwa Maris 2023: Gwaggo

Da kayan rubutu suka samu sai ta zauna za ta ci gaba, ta ɗauki hoton farko, ta ga ba ta san ko mutum ɗaya a ciki ba. Waɗanda ta sani su ta riga ta yi da biro. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mutum ɗaya ta rage da ta ga zamanin da idonta: ƙanwar marigayin, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, a wani ƙauye a hanyar Gwarzo. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi ne, kuɗin mota ma sai an sha layi, duk da haka Malama ta je sau shida kafin azumi ya kama a ƙarshen Maris, kowace tafiya da hotuna 40 zuwa 50 a cikin kwalin takalmi. Na raka ta sau biyu.

Gwaggo tana gani sarai in an fito da ita tsakar gida, kuma ba ta manta fuska. Amma sunaye ba sa fitowa daga bakinta yadda mai rubutu ke so. Mijinta marigayi "mai gidan nan" ne. Ɗanta na fari "wancan yaron". Duk mai suna Muhammadu "mai babban suna". Ita kanta Malama sunan mahaifiyar Gwaggo ta ci, don haka tun tana jaririya Gwaggo ba ta taɓa kiran sunanta ba, "Uwata" take ce mata. A hotunan an sami Ladi uku, Abba huɗu, da mata biyu da kowa ke kira Hajiya Babba a zamani daban-daban. Dole sai da aka zaunar da wata jikar Gwaggo a gefe, in tsohuwa ta yi alkunya ita ta faɗi sunan, Gwaggo ta gyaɗa kai.

Shekaru ma da abin da ya faru take ƙirga su. "Shekarar da Sarauniya ta zo" 1956 ke nan. "Bayan an kashe Sardauna" daga Janairun 1966. "Da aka yi canjin hannu" Afrilun 1972, lokacin da motoci suka koma dama. Hoton marigayin da farar hula da ƙaramar jakar alhazai ta ce shekarar da jirgin alhazai ya faɗi ne, shi a wani jirgin ya dawo. Wannan 22 ga Janairun 1973 ne, a filin jirgin Kano, inda mutum 176 suka rasu. Amma da ta ce wani hoton "lokacin canjin kuɗi" ne sai aka tsaya: na 1973 da naira ta maye gurbin fam, ko na 1984 da aka sauya launin takardun? Ta yi dariya ta ce ga wani ma ana ciki. Girman yaran da ke hoton ne ya raba gardama. Haka "Babbar Sallar 1974" da aka gani a bayan wani hoto ba ta wadatar ba, domin a shekarar an yi Babbar Sallah sau biyu, ɗaya a farkon Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba.

A tafiya ta huɗu aka zo kan hoton da daga baya ya zama lamba 118. Wata matashiya ce a kan kujerar katako, da ɗaurin ɗankwali mai tsayi, riƙe da jariri. Mahaifiyar Malama ta rasu tana 'yar shekara tara, ba ta da wani hotonta na ƙuruciya, kuma tun tana yarinya ta ɗauka wannan ita ce. A Oktoba ta rubuta da biro a baya: "Inna da Yaya Babba". Har an ɗauki hoton da waya an tura zauren WhatsApp na dangi, an sha addu'o'i.

Gwaggo ta riƙe shi ta daɗe.

"Uwata, wa ya ce miki wannan Innarku ce?"

"Ba ita ba ce, Gwaggo?"

"Wannan ai ta fari ce. Kafin a auro Innarku. 'Yar kuma mace ce, ƙyanda ta ɗauke ta ba ta yi shekara biyu ba. Bayan nan zaman bai daɗe ba."

Babu ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin da ya san an yi wannan aure. Malama ta juya hoton ta kalli rubutunta, ba ta ce komai ba har muka hau mota.

Da aka bi sauran, cikin 83 da aka yi da biro da maka, tara ba daidai ba ne.

## Mayu zuwa Yuli 2023: tsarin da aka tsaya a kai

Bayan Ƙaramar Sallah ta sayi littafin rajista mai kauri, ta ba kowane hoto lamba daga 1 zuwa 437, kamar yadda gidajen tarihi ke yi wa kayansu. Kowace lamba tana da gurbi a rajista: sunan yanka, sunan uba, laƙabi, dangantaka, wuri, shekara, wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Dangantakar da marigayin ake aunawa, ba da mai rubutu ba, domin "Kawu" a bakinta "Kaka" ne a bakin jikanta. Inda shekara ba ta tabbata ba ta sa "wajen". Inda mutum biyu suka saɓa ta rubuta duka maganganun da sunan masu su.

A bayan hoton kuwa kaɗan ake sawa. Masu takarda zalla: lamba, suna, wuri da shekara, layi ɗaya ko biyu, da fensir 2B mai ɗan dakusasshen baki, can gefen ƙasa inda babu fuska a ɗaya ɓangaren. Ta ciro gilashin wani tsohon firam ta goge, a kansa take kifa hoton bisa farar takarda mai tsabta. Masu roba: lamba kawai, ƙarama, da fensirin gilashi. Alƙalamin ta bar wa rajista. Ta kuma lura cewa da laimar damina ta fara shigowa tsofaffin hotunan sun saki jiki sun miƙe da kansu, babu wanda ya sake tsagewa.

Hoton taro ya zo da tasa rigimar. In ka juya hoto, wanda ke hagu ya koma dama, marigayin kuma a rubutunsa na ajami daga dama yake jero mutane. Don haka a shafin farko na rajista ta rubuta ƙa'ida: hagu na nufin hagun mai kallon fuskar hoto. Ga wani hoton ma'aikatan tasha mai mutum 27 ta zana kawunansu a wata takarda daban, da ido, ba a kan hoton ba, ta sa wa kowane kai lamba. Rubutun ajamin 14 wani malamin allo na unguwa ya karanta, aka kwafe a rajista, ba a taɓa na asalin ba.

Kowane hoto ta sa shi a cikin farar takarda da aka ninka biyu, an rubuta lamba da suna a jikinta kafin a sa hoton. Takardar ofis ce, ba wadda ta ci gwajin PAT ba, abin da ya samu ke nan, amma ta fi ambulan mai ruwan ƙasa da jarida, masu sa hoto ya yi rawaya. Ta guji aljihunan leda masu warin sabuwar roba, domin yawancinsu PVC ne, wata irin roba da ke cutar da hoto. Ko leda mai kyau ma a wuri mai laima tana iya manne wa fuskar hoto. Jikanta ya ɗauki gaba da bayan kowanne da waya, sunan fayil shi ne lambar hoton. Hirarrakin Gwaggo huɗu na ƙarshe an naɗe su. Akwatin ƙarfen ya koma ajiyar tsummoki, hotunan suka hau saman sif a ɗakin tsakiya, cikin kwalaye uku, nesa da bangon waje.

## Satumba 2023: bayan damina ɗaya

An buɗe kwalayen an duba ɗaya bayan ɗaya. Rubutun fensir na nan yadda aka yi shi, bai koma kan komai ba. Lambobi uku na fensirin gilashi sun dushe inda aka riƙa kamawa da gumi, an sake su, an kuma gane su ne ta lambar da ke jikin takardar ninki. Cikin takardun liƙawa 31, biyar sun fara ɗaga baki. Ba a ɓare sauran da ƙarfi ba, an bar su su saki da kansu.

Hotuna 309 sun sami cikakken suna da wuri da shekara ko kusa da ita. 86 an san wani abu a kansu, ba duka ba. 42 babu wanda ya san su, yawancinsu abokan aikin marigayin ne a Nguru da Kaura Namoda. Ɓarnar da aka yi da hannu ta tsaya a 23 masu tudun rubutu, 11 masu shuɗin tawada, bakwai da maka ta huda, biyu da suka tsage.

## Abin da nake gani

Tambayar da aka fara da ita, wane abin rubutu ya fi, ba ta da amsa ɗaya saboda hotunan ba iri ɗaya ba ne. Duk gazawar watanni ukun farko daga nan ta fito: an nemi abu guda da zai yi wa takarda da roba aiki tare. Shafa bayan hoto da yatsa, aikin daƙiƙa biyu, da an yi shi a Oktoba da hotuna 43 ba su sami tabo ba. Matashin da aka ɗora a cinya ma yana da nasa kason laifin, bai gaza na biron ba.

Fensir mai laushi ya yi nasara ne ta fuska biyu, kuma a ganina ta biyun ta fi nauyi. Ba ya cutar da takarda, wannan sananne ne. Amma kuma yana goguwa, kuma mai rubuta sunayen mutanen da suka rasu kafin a haife shi zai yi kuskure ko ya so ko bai so ba. Malama ta yi tara cikin 83, a kan danginta na jini, a hotunan da ta fi amincewa ta sani. Da waɗanda take shakka ta fara, da adadin ya fi haka.

Rajistar ce ta ɗauke wa bayan hoto nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Santimita 9 da 14 ba za su ɗauki sunan yanka da laƙabi da wanda ya faɗa da wanda ya musa ba. Rauninta shi ne tana iya rabuwa da hotunan, kamar yadda 'yan takardun marigayin suka zube a gindin akwati. Shi ya sa ban goyi bayan lamba zalla a kan masu roba ba, da ni ce da na ƙara suna ko da guda ɗaya da alƙalamin, na bar shi ya kwana a buɗe kafin a rufe. Mun yi wannan gardamar da ita, ba ta karɓa ba, ta ce ta gama sa wa hoto abin da ba ya fita. Ta dai yarda an yi wa rajistar kwafi biyu, ɗaya na wurin yayanta.

Inda aka yi asara mafi girma shi ne jerin aikin. Wata huɗu suka tafi a neman abin rubutu kafin a je wurin mai bayani, alhali zuwa wurin Gwaggo ba ya bukatar komai sai kuɗin mota da littafi. An ci sa'a tana nan da ƙarfinta. Abokan aikin marigayin da za su iya sanin mutanen cikin hotuna 42 ɗin nan, an tambaya a unguwa, ba a sami ko ɗaya da ya rage ba.

Hoto na 118 yana cikin kwali na farko. Rubutun biron na nan, shuɗi, ba ta yi ƙoƙarin kankare shi ba. A ƙasansa da fensir ta sa: "Ba daidai ba ne. Matar Baba ta fari da 'yarta, wajen 1956, in ji Gwaggo. Duba rajista." Gurbin sunan yanka na jaririyar har yanzu babu komai a ciki, Gwaggo ta ce laƙabinta kawai take tunawa.